Ranar Laraba zan rantse wa Sarki Charles: anya bai kamata Ingila ta koma jamhuriya ba?

Bakano_a_Leeds:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan. Shekarata bakwai ina aikin jinya a ƙasar nan, takardar zama ɗan ƙasa ta fito, an ba ni ranar Laraba mai zuwa in je zauren ƙaramar hukuma in yi rantsuwa. Da daddare bayan yara sun kwanta na ɗauko takardar na karanta kalmomin da zan faɗa. Zan ce na rantse da Allah Maɗaukaki zan riƙe amana in yi biyayya ga Sarki Charles na Uku da magadansa da masu zuwa bayansa. Na maimaita wurin nan sau uku. Mutum ɗaya da 'ya'yansa da jikokinsa. Jikan nan nasa George sa'an babban ɗana ne, dukansu haihuwar 2013. Tun yau an san George zai zama shugaban ƙasa, ya iya ko bai iya ba. Nawa kuwa ko ya fi kowa ilimi da hankali, ƙofar nan a rufe take gare shi har abada. Ƙasar da take yi wa duniya wa'azin zaɓe, yaya za a ce kujerarta mafi girma ta gado ce? Ina tambaya da gaske: ba lokaci ya yi da za su koma jamhuriya ba?

UmmuHanan:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Yaya, Allah ya sa alheri. Ni na yi tawa a 2021, lokacin Sarauniya tana da rai. Akwai zaɓi biyu, ko ka rantse da Allah ko ka yi alkawari kawai ba tare da ambaton sunan Allah ba. Tun a bakin ƙofa za su tambaye ka wanne kake so.

Bakano_a_Leeds:
Na gode Hajiya. Na ga wannan, amma ko wanne ka ɗauka sunan sarki da magadansa yana ciki. Nan ne matsalata.

Lauyan_Sabongari:
Ɗan'uwa, ka sake duba ƙarshen jimlar. Bayan an ambaci sarki da magadansa, sai aka ce “kamar yadda doka ta tanada”. Wannan ɗan guntun shi ne ƙashin bayan maganar. Tun 1689 da majalisa ta shimfiɗa wa William da Mary sharuɗɗa kafin ta ba su gadon, majalisa ce ke cewa ga wanda zai yi sarauta kuma ga iyakarsa. Dokar 1701 ta tsallake dangi da yawa da suka fi kusa da gadon saboda 'yan Katolika ne, ta ɗauko wani gida daga Hanoba ta ƙasar Jamus. Wato sarkin ma doka ce ta naɗa shi. Rabon da wani mai sarauta ya ƙi sa hannu a dokar da majalisa ta zartar tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Ba ya naɗa minista da son ransa, ba ya sa haraji, jawabin buɗe majalisa ma gwamnati ke rubuta masa ya karanta. To me ake so a sauke? Mutumin da ba shi da iko?

Sawaba_Har_Gobe:
In ba shi da iko, me ake ciyar da shi a kai? Ka zaɓi ɗaya Barista. Ko dai yana da iko, to ba a zaɓe shi ba, bai halatta ba. Ko kuma ba shi da shi, to aikin me yake yi?

Lauyan_Sabongari:
Aikinsa shi ne ya zauna a kujerar don kada ɗan siyasa ya zauna a kanta. Sojoji da alƙalai da 'yan sanda ba su rantse wa firaminista ba. A 2022 kaɗai firaminista uku aka yi, Boris Johnson da Liz Truss da Rishi Sunak, Truss kwana 49 kacal ta yi, kuma a tsakiyar wannan rikicin Sarauniya ta rasu ranar 8 ga Satumba. Ko ƙofar shago ɗaya ba a fasa ba. Kai da ka fito daga inda muka fito ka san darajar wannan.

Injiniya_Glasgo:
Barista, zancen “ba shi da iko” ɗin nan akwai gyara. Akwai wata al'ada da ta tilasta wa gwamnati neman yardar fada tun kafin majalisa ta tattauna duk wani ƙudiri da ya taɓa dukiya ko haƙƙin gidan sarauta. Wannan daban yake da sa hannun ƙarshe. A 2021 jaridar Guardian ta bincika ta gano dokoki sama da dubu ɗaya da aka fara kai wa fada ta duba a zamanin Sarauniya Elizabeth. Ƙari a kan haka, duk mako firaminista yana ganawa da sarki su biyu rak, ba mai rubuta abin da aka ce. Wane ɗan ƙasa ne ke da wannan damar? Ikon da ba a gani ya fi tayar mini da hankali a kan wanda ake gani, domin wanda ake gani ana iya kai shi kotu.
Sannan zancen cewa yana tsare tsarin mulki, mun gani a 2019. Boris Johnson ya ce wa Sarauniya ta rufe majalisa mako biyar a daidai lokacin da ake tsaka da rigimar ficewa daga Tarayyar Turai, ta sa hannu. Kotun Ƙoli ce, alƙalai 11 baki ɗaya, ta ce haramun ne ranar 24 ga Satumba. Sarauniya ba ta da bakin cewa a'a, saboda ba wanda ya zaɓe ta. Da zaɓaɓɓen shugaba ne irin na Ailan ko Italiya, yana da ƙafar da zai tsaya a kai ya ce dakata tukuna.

Malam_Tsoho56:
'Ya'yana, ku ba ni wuri in sa baki. Ina ɗan shekara takwas aka kwashe mu daga makaranta aka kai mu Kaduna a 1956 don tarbar Sarauniya. An raba mana 'yan tutoci na takarda, muka tsaya a rana tun hantsi, malaminmu yana bin layi da bulala yana gyara mana tsayuwa. Abin da na fi tunawa ba fuskarta ba ce, don ɗan farin abu kawai na hango daga nesa. Dawakai na tuna. Ban taɓa ganin dawaki da yawa haka ba, da lifidi da sulke da kakaki, sarakunan Arewa kowa da jama'arsa. Na koma gida ina murna ina ba kakana labari. Ya yi shiru, can ya ce mini, shi yana yaro lokacin da Nasara suka fasa ganuwar Kano a 1903, kuma yayan mahaifinsa ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas bai dawo ba. Ya ce da sunan gidan matar nan aka yi duk wannan. Ban gane ba sai da na girma.
Amma ku ji sauran. A 1963 mun yi murna da aka ce mun zama jamhuriya, Zik ya tashi daga Gwamna-Janar ya koma Shugaban Ƙasa. Shekara biyu da 'yan watanni, aka wayi gari ranar 15 ga Janairun 1966 an kashe Sardauna, an ɗauke Tafawa Ɓalewa. Ban ce rashin Sarauniya ne ya jawo ba. Abin da nake cewa, sauya suna bai tsare mu daga komai ba.

Bakano_a_Leeds:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Labarin kakanka ya taɓa ni, don shi ne rabin abin da ke damuna. Sunan da aka ci garinmu da shi, shi zan je in yi wa mubaya'a.

'YarZongo_Kumasi:
Gaskiya Baba ya faɗa. Mu a Gana tun 1 ga Yulin 1960 muka sallami Sarauniya, Nkrumah ya zama shugaban ƙasa. Kafin 1964 ta ƙare an koma jam'iyya ɗaya, a Fabrairun 1966 soja suka kifar da shi yana kan hanyar tafiya Asiya. Amma fa ko a yau ka tambayi mutumin Gana ko yana son a dawo da sarautar Ingila, dariya zai yi maka. An sha wuya, amma wuyar gidanmu ce.

Lauyan_Sabongari:
Ƙarin bayani a kan 1963, don mutane suna ɗauka canjin suna ne kawai. Kafin lokacin, kotun ƙarshe ta Najeriya tana Landan. A rikicin Jihar Yamma, Gwamna Adesoji Aderemi, wanda shi ne Ooni na Ife, ya sauke Firimiya Akintola a 1962. Kotun Ƙolin Tarayya a Legas ta ba Akintola gaskiya, aka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, can suka ba Adegbenro, wanda gwamnan ya naɗa a madadin Akintola, gaskiya a 1963. Sai aka gyara tsarin mulkin Yamma aka mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza, tsarin mulkin jamhuriya kuma ya rufe ƙofar zuwa Landan gaba ɗaya. Saboda haka namu batun 'yancin kai ne, shugabanmu baƙuwa ce tana zaune a wata ƙasa. Na Ingila daban ne, sarkinsu nasu ne. Kada mu haɗa biyun.

Sawaba_Har_Gobe:
Nasu ne ko ba nasu ba, asalin maganar ɗaya ce. Abin da su Malam Aminu Kano suka tsaya a kai tun 1950 shi ne, haihuwa ba ta ba mutum ikon hawa kan wani. Kakata ta ba ni labarin yadda dogarai suka ɗaure mijinta a rana saboda harajin da bai cika ba, shi kuma ɗan NEPU ne, suka samu dalili. Duk inda aka ce wannan jininsa ya fi na wancan, ni ba na ciki, a Landan ne ko a Kano.

Ɗan_Galadima:
Malam Sawaba, a yi hattara. Kada a fake da Ingila a zagi sarakunanmu. In rikici ya tashi a unguwa, wa ake fara nema, kansila ko mai unguwa? Lokacin da mutane suka ƙi allurar shan inna, wa ya shiga gari-gari ya shawo kansu? Sarakuna ne da hakimai da dagatai. Gwamna shekara takwas ne iyakarsa, ya tafi. Sarki yana nan, ya san gidan kowa.

Sawaba_Har_Gobe:
Ranka ya daɗe ban zagi kowa ba. Amma “sarki yana nan” ɗin nan, a ina? Sarki Sanusi na ɗaya gwamnatin Sardauna ta sa ya sauka a 1963. Abacha ya tuɓe Sarkin Musulmi Dasuƙi a 1996. Ganduje ya tuɓe Sanusi na biyu ranar 9 ga Maris 2020, Abba ya dawo da shi a Mayun 2024, aka wayi gari Kano da masu amsa sunan sarki biyu, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a Nasarawa. Tsarin mulkin 1999 ko aiki ɗaya bai ba su ba. Sarautar da takardar gwamna ke cirewa ba ita za ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba.

Ɗan_Galadima:
To ai ka faɗi maganata da bakinka. Laifin na 'yan siyasa ne. Abin da ya sa ta Ingila ta yi ƙarko shi ne firaminista ba ya iya tashi da safe ya tuɓe sarki don sun saɓa.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, maganar masarautar Kano mun sha yin ta a nan, kuma kun san yadda take ƙarewa. Don Allah a koma kan tambayar Bakano. Na gode.

Hajiya_Akanta:
To bari in dawo da mu da lissafi, tunda shi ne sana'ata. Kuɗin da gwamnati ke ba fada duk shekara ya daɗe a kan fam miliyan 86.3, a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ya haura zuwa miliyan 132, wani kaso don gyaran Fadar Buckingham da aka yi wa kasafin miliyan 369. Jana'izar Sarauniya ta ci wajen miliyan 162. Bikin naɗin Charles na ranar 6 ga Mayun 2023 ya ci miliyan 72. Kuɗin tsaronsu na yau da kullum ba ya cikin wannan lissafin, kuma ba a bayyana shi. Sannan akwai manyan gandaye biyu, na Lancaster na sarki, na Cornwall na yarima mai jiran gado, kowanne yana kawo sama da fam miliyan 20 a shekara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne harajin gado. Talaka in ya mutu ya bar abin da ya haura fam dubu 325, gwamnati na ɗaukar kashi 40 cikin ɗari na abin da ya ɗoru a kai, sai ɗan rangwame in gida ne aka bar wa 'ya'ya. Abin da sarki ya gada daga wanda ya gabace shi kuwa ko kwabo ba a taɓawa, yarjejeniya ce tun 1993. Na zauna da wata dattijuwa da ta sayar da gidan da aka haife ta a ciki don ta biya wannan harajin, tana kuka ina cike mata takardu. Ku gaya mini yadda zan bayyana mata wancan bambancin.

Lauyan_Sabongari:
Hajiya, lissafinki daidai ne amma rabinsa kika kawo. Kuɗin nan ana auna shi ne da ribar kadarorin sarauta, waɗanda George na Uku ya miƙa wa gwamnati kuɗin shigarsu a 1760. Titin Regent a Landan yana ciki, ƙasan tekun da ake kafa injinan wutar iska yana ciki. Ribar ta wuce fam biliyan ɗaya a shekarar 2023 zuwa 2024, duka baitulmali ta shiga, kashi 12 cikin ɗari ake aunawa a ba fada. Ga kuma masu yawon buɗe ido.

Hajiya_Akanta:
Barista, waɗannan kadarorin ba na Charles ba ne na kansa, ba zai iya sayar da ko taku ɗaya ba. Na kujerar ne. In an koma jamhuriya ribar tana nan tana shiga baitulmali, har da kashi 12 ɗin. Zancen yawon buɗe ido kuwa, Faransa ta daɗe da rabuwa da sarakunanta, amma fadar Versailles tana karɓar mutum wajen miliyan 8 a shekara, babu fadar Ingila da ta kama ƙafarta. Mutane gini suke zuwa gani. In ma babu mai kwana a ciki, an fi buɗe musu ɗakuna.

BaDamagare:
Salamu alaikum daga Zinder. Ina karanta ku tun ɗazu. Mu jamhuriya muke tun 18 ga Disamban 1958, ba mu taɓa rantse wa wani sarkin Turai ba bayan 'yanci. Juyin mulki: 1974, 1996, 1999, 2010, 2023. Sarkin Damagaram kuma yana fadarsa duk tsawon wannan lokaci, ana zuwa gaisuwa ranar Juma'a. Ni dai abin da na gani, kalmar jamhuriya ba ta hana mutum ɗaya ya mayar da kansa sarki. Ku dubi Togo, uba ya yi shekara 38 ɗa ya gaje shi. Gabon haka. Wannan sarauta ce ba rawani, kuma ta fi ta Charles iko nesa ba kusa ba.

Injiniya_Glasgo:
Gaskiya ne ɗan'uwa, amma ba Togo ce zaɓin Ingila ba. Maƙwabciyarta Ailan ita ce misali. Shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka, jama'a ke zaɓensa duk shekara bakwai, mulki na hannun firaminista. Sun zaɓi Mary Robinson a 1990, bayanta Mary McAleese wadda 'yar Belfast ce, bayanta Michael D. Higgins, malami kuma marubucin waƙoƙi. Ba wanda ya zama ɗan kama-karya a cikinsu. Jamus ma haka take, da yawa ba su ma san sunan shugabanta ba, shugaban gwamnati aka sani.

Ɗalibi_a_Kuala:
Ni kuma in kawo muku wani salo daga inda nake karatu. Maleshiya tana da sarakuna tara na jihohi, su ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya yi sarautar ƙasa shekara biyar, sai ya koma jiharsa wani ya hau. A zaɓen Nuwamban 2022 babu jam'iyyar da ta samu rinjaye, aka yi kwanaki ana kai-kawo, sarki ne ya tara su ya naɗa Anwar Ibrahim. Abokaina na nan, har waɗanda ba ruwansu da sarauta, sun ce ranar sun ga amfaninta. Sifaniya ma a Fabrairun 1981 da sojoji suka kutsa majalisa da bindiga, Sarki Juan Carlos ne ya fito a talabijin da kakin soja ya ce bai yarda ba, juyin ya rushe.

Sawaba_Har_Gobe:
Ka ƙarasa labarin Juan Carlos mana. Ya sauka a 2014 mutuncinsa ya zube, a 2020 ya tattara ya koma Abu Dhabi ana binciken kuɗaɗensa. Matsalar gado ke nan, sa'a ce. Ka samu nagari ka gode Allah, ka samu akasin haka sai haƙuri. Ƙanen Charles ɗin nan Andrew, da aka karɓe masa muƙaman soja a 2022 saboda abin kunyar da kowa ya sani, da shi aka fara haifa fa? An daɗe shi ne na biyu a layi.

UmmuHanan:
Ni dai zan faɗi abin da na gani a matsayina na Musulma a ƙasar nan. Lokacin tarzomar bazarar 2024 da aka riƙa kai wa masallatai hari, kwana huɗu ban bar yarana sun fita ba. A irin wannan yanayi, ina tunanin in aka ce a zaɓi shugaban ƙasa, wa zai ci? Wataƙila wanda ya fi iya zaginmu. Charles kuwa tun 1993 ya yi jawabi a Oxford yana kare Musulunci daga masu yi masa mummunar fahimta, kuma a azumin 2025 an yi buɗe-baki a cikin Fadar Windsor har da kiran salla. Ba sai ya nemi ƙuri'ar kowa ba, shi ya sa ba ya tsoron a gan shi da mu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Injiniya_Glasgo:
Na fahimce ki Hajiya, ni ma na ji tsoron nan. Amma halin Charles ne kike yabo, ba tsarin ba. Tsarin cewa ya yi dole sarki ya zama ɗan Furotesta, shi ne shugaban Cocin Ingila, limaman cocin 26 suna da kujeru a majalisar dattawa ba tare da zaɓe ba. Gyaran 2013 ya daidaita mace da namiji a gado, ya yarda a auri ɗan Katolika, amma mai sarautar kansa har gobe ba zai zama Katolika ba, balle Musulmi. Magajin garin Landan Musulmi ne, an yi firaminista Bahinde, a nan Sukotlan mun yi Humza Yousaf. Duk ta akwatin zaɓe suka zo. Kujera ɗaya ce doka ta ce ba mu ba ita.

Malam_Tsoho56:
Ku tuna fa sun taɓa gwadawa. Sun fille kan Charles na ɗaya a 1649, Cromwell ya riƙe ƙasa da soja, ya kori majalisa, da ya mutu a 1658 ɗansa ya gaje shi. A 1660 da kansu suka aika aka dawo da ɗan sarkin da suka kashe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

'YarZongo_Kumasi:
Baba, Allah ya ja kwana, wannan shekara ɗari uku da sittin da wani abu ke nan. Barbados ta yi nata ranar 30 ga Nuwamban 2021 cikin ruwan sanyi. Sandra Mason ta kwanta tana Gwamna-Janar ta tashi tana Shugabar Ƙasa, Charles da kansa ya je bikin, kuma ba su fita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ba. Cikin ƙasashe 56 na ƙungiyar, 15 ne kawai yake sarkinsu, har da Birtaniyar kanta. Jamaika ma ta kai ƙudirin gaban majalisarta a ƙarshen 2024.

Lauyan_Sabongari:
Ga wanda bai yi ba kuma: Ostireliya, ƙuri'ar raba gardama ta 6 ga Nuwamban 1999, kusan kashi 55 suka ce a'a, ko jiha ɗaya ba ta amince ba. Ba don son Sarauniya kaɗai ba. Masu son jamhuriya ne suka rabu biyu, wasu na son majalisa ta naɗa shugaban, wasu na son jama'a su zaɓa, sai na biyun da yawa suka haɗu da masu son sarauta suka kayar da tsarin da aka kawo. Cewa “a sauke” abu ne mai sauƙi. A sa wa, a ba shi wane iko, nan ake watsewa. Kuma a Birtaniya babu babbar jam'iyyar da ta sa wannan a manufofinta. Ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi wa BBC dab da naɗin Charles ta nuna kashi 58 na son sarauta, 26 na son zaɓaɓɓen shugaba.

Hajiya_Akanta:
A cikin wannan ƙuri'ar dai, 'yan shekara 18 zuwa 24 kashi 32 ne kawai suka zaɓi sarauta, 38 suka ce a yi zaɓe. 'Yata tana cikin waɗannan. Ranar naɗin ko talabijin ba ta kunna ba, abin da ya dame ta shi ne labarin kama Graham Smith na ƙungiyar Republic mai fafutukar komawa jamhuriya da abokansa tun da sassafe suna sauke kwalayen zanga-zanga, aka tsare su har dare, daga baya 'yan sanda suka ce sun yi nadama. Ta ce da ni, Mama, in abin ado ne kawai, me ya sa ake kama mai cewa ba ya so?

Ɗan_Galadima:
Matasa ai suna girma Hajiya. Wanda ya ƙi sarauta yana ashirin, ki sake tambayarsa yana hamsin.

Hajiya_Akanta:
Wataƙila, ranka ya daɗe. Amma iyayensu Sarauniya suka taso suka gani, shekara 70 fuska ɗaya a kan kuɗi. Waɗannan ba su da wannan shaƙuwar.

Bakano_a_Leeds:
Jama'a na dawo, an yi. Mu kusan talatin ne a zauren, ga hoton sarki a jingine kusa da tuta, ga wata mata mai sarƙar magajin gari a wuya. Aka raba mu gida biyu, masu rantsuwa da masu alkawari. Na shiga layin alkawari, don ban ga zan iya haɗa sunan Allah da abin da zuciyata ke ja da baya a kansa ba. Kowa ya faɗi sunansa, sannan muka maimaita tare. Da muka zo wurin “kamar yadda doka ta tanada” na tuna Barista, na ɗaga murya a nan. Akwai alkawari na biyu da ban kula da shi sosai ba a daren nan, na biyayya ga ƙasa da mutunta 'yancinta da kare tsarin dimokuraɗiyyarta. Shi na faɗa da dukan zuciyata. Da aka sa taken ƙasa na tsaya cik amma ban rera ba. Na kusa da ni, wani dattijo ɗan Sudan, hawaye yake yi yana rerawa, ya riƙe takardarsa da hannu biyu. Ban san abin da ya baro ba, kuma ban ga laifinsa ba.
Ra'ayina bai sauya ba. In aka kawo ƙuri'a, jamhuriya irin ta Ailan zan zaɓa. Amma maganar UmmuHanan ta bi ni har cikin zauren, ban kuma samo mata amsa ba tukuna.

UmmuHanan:
Barka Yaya, Allah ya sanya albarka. Ni ma maganar Injiniya ban samo mata amsa ba.

Malam_Tsoho56:
Madalla ɗana. Yaron naka da kake magana, ka tafi da shi?

Bakano_a_Leeds:
Na tafi da shi Baba, shi ya ɗauki hotunan. A mota muna dawowa na ba shi labarin kakanka da Sarkin Musulmi Attahiru. Ya ce in tambaye ka sunan garin da aka yi yaƙin ƙarshe, yana so ya duba a taswira.

Malam_Tsoho56:
Burmi. Ka ce masa ya duba wajen Bajoga, a jihar Gombe ta yanzu, kusa da kogin Gongola. Watan Yuli ne, 1903.